Mai Wankan Gawa Ta Kawo Jikarta

Daren Talata, Zangon Sokode

Na gaji tiɓis, amma barci ya ƙi zuwa. Inna Asabe mai wankan gawa, wadda ta taɓa kora ta da tsintsiya don na yi maganar tazarar haihuwa a gidanta, yau ta same ni a asibitin unguwa, riƙe da hannun jikarta Rabi. Da ƙyar Rabi ta rayu a haihuwar bara.

Har na ɗaura ɗamarar faɗa, sai ta ce, "'Yar nan, mijinta ya yarda, a ba ta abin hutun nan naku. Ni na wanke gawar uwarta da ciki a jikinta. Wannan kuwa, in Allah ya so, ita za ta wanke ni."

Na durƙusa na gaishe ta. Tsintsiyar ma na yafe.