Bom a Cikin Buhu, Mutum a Kan Buhu

Zuwa ga Alhaji, shugaban 'yan hatsi na kasuwarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ɗan dako ne. Ko ba ka san sunana ba, na sha sauke maka wake.

Ka san al'adarmu. Ɗan ci-rani da ba shi da ɗaki a Agege sai a ce ya kwana a sito, shi ya huta da biyan haya, mai kaya ya huta da neman mai gadi. Haka muka yi ni da Lawali, ɗan garinmu. Bara da damina aka cusa ƙwayar kashe ƙwari da muke kira bom a buhunan wake, aka lulluɓe da leda, ba wanda ya ce mana uffan. Ruwa ya kece, muka rufe ƙofa, muka toshe taga. Ni na kwanta bakin ƙofa, shi ya hau kan buhu, wai ƙasa da sanyi. Mun ji wari kamar na tafarnuwa, muka ɗauka daga layin 'yan kayan miya ne.

Da safe ni aka kai asibiti, shi makabarta.

Likita ta ce gubar ta lalata min zuciya, ba za ta koma daidai ba. Yanzu rabin buhu ya fi ƙarfina. Gadar Ojota ma sai na tsaya a tsakiya na dafe ƙirji. Wani lokaci zuciyar takan yi tsit, in zauna ina jira ta ci gaba, kuma a wannan shirun nake jin tarin Lawali. Wallahi tsoro nake ji, Alhaji.

Kun ce ajali ne. Ba na ja da ƙaddara, amma hannun mutum ne ya cusa ƙwayar.

Roƙona na farko, sito da aka sa wa magani kada a bar kowa ya kwana a ciki. Na biyu, a riƙa faɗa wa 'yan dako, baki da baki, ranar da aka sa.

Na uku ba ya jira. Ɗazu na bi ta wannan sito. Sabon wake ya iso, an lulluɓe da leda, ga tabarmi biyu a shimfiɗe. Ban san masu su ba. Na yi wa mai sito magana, ya ce in kama gabana.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci. Ka aika a naɗe tabarmin nan kafin magariba.

Wassalam.