Rasuwar Injiniya Adawiyya Hashim da Matsayinmu Kan Kwamfutocin Wakafi

Cikin alhinin da ya yi mana nauyi a ƙirji, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangijin da ba a tambayarsa dalili, Ƙungiyar Masu Raya Kwamfutocin Makarantu ta Sakkwato ta sami labarin rasuwar Shugabar Sashenta na Fasaha, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashinta, Hajiya Injiniya Adawiyya Hashim, ɗiyar Mai Girma Liman Malam Hashim, kuma maiɗakin Alhaji Ja'afar Mubarak, wadda Allah Ya yi wa rasuwa ranar Talatar da ta gabata bayan gajeriyar jinya, aka yi mata sutura aka kai ta makwancinta kamar yadda addini ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba mu da ja da mutuwa. Da wasu rayayyu muke da ja, kuma za mu zo kansu a cikin wannan takarda, domin marigayiya ba ta koya mana ɓoye magana ba.

Jama'ar Sakkwato sun san cewa marigayi Alhaji Sule Mai Hatsi, attajirin kasuwa wanda shi kansa bai taɓa aza yatsa a kan kwamfuta ba, ya sayi tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka gama yayinsu, ya haɗa da wasu ƙanana masu aiki da hasken rana, ya bayar da su wakafi ga makarantun Dundaye, Kalambaina da ƙauyukan Wamakko, domin kada yaran talakawa su fara ganin kwamfuta a ranar da za su rubuta jarrabawar shiga jami'a a kanta. Wakafi kuwa ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Ƙofa ɗaya malamanmu suka bari: in abin da aka bayar ya mutu, amfaninsa ya yanke, to ana iya sayar da shi a saka abin da aka samu a cikin irinsa. A bakin wannan ƙofa marigayiya ta tsaya shekara da shekaru, ba ta bar kowa ya wuce da ƙarya ba.

Ga waɗanda ba sana'arsu ba ce, ya kamata mu yi bayani a taƙaice. Kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa wadda ake kira furosesa, kuma furosesa dangi-dangi ce: akwai tsofaffi da ake kira masu bit talatin da biyu, akwai na baya-bayan nan masu bit sittin da huɗu, akwai kuma dangin da ke cikin ƙananan nan masu cin wuta kaɗan, waɗanda gininsu daban ne tun daga tushe. A tsakiyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta akwai wani sashe da ake kira kanel, shi ne farkon mai yi wa furosesa magana idan an kunna. Kafin a harhaɗa kanel sai an shiga saitinsa an gaya masa dangin da zai zauna da su. In aka saita shi don sabon dangi, zai riƙa ba da umurnin da tsohuwar furosesa ba ta taɓa ji ba, sai allo ya yi baƙi, layi ɗaya ya fito, kwamfuta ta tsaya cak. Wanda bai sani ba sai ya rantse ta mutu, alhali lafiyarta ƙalau.

Da wannan aka so a cuci yaranmu a karon farko. Wani ɗan kwangila, wanda ba za mu ɓata takardar ta'aziyya da sunansa ba, ya zo wa kwamitin amintattun wakafin da manhaja guda, wadda aka harhaɗa kanel ɗinta don sababbin furosesa kaɗai, ya bi makarantu yana ɗora ta a kan kowace kwamfuta. Duk wadda ta ƙi tashi sai ya ce a jingine ta, ta mutu. Daga nan ya kawo shawarar a sayar da su duka ga masu sayen ƙarafa, a sayo sababbi 'yan ƙalilan daga hannunsa, a tara su a ɗaki guda a tsakiyar birni, wai yaron ƙauyen Wamakko ya riƙa hawo mota yana zuwa. Amintattun, dattawa ne masu tsoron Allah amma ba fanninsu ba ne, sun kusa sa hannu. Marigayiya ta roƙi a ba ta lokaci, ta ware kwamfutocin dangi-dangi, ta saita wa kowane dangi kanel nasa, ta cire duk abin da ba su buƙata domin ya shiga ƙaramar ma'adanarsu, sannan ta kira dattawan ta kunna musu gawarwakin ɗaya bayan ɗaya. A ranar ɗan kwangila bai tsaya cin abinci ba.

Tun daga lokacin wannan aiki ya zama nata, domin kanel ba a yin sa sau ɗaya a huta. Duk sanda sabo ya fito da gyare-gyaren tsaro, ko manhajar gwajin jarrabawa ta canza, sai an sake zama an bi saiti layi-layi ga kowane dangi. Kuma tana da ƙa'idar da ta sha sa mu cizon haƙora: ba ta yarda a raba wa makarantu sabon kanel sai ya tashi a kan kwamfutar da ta fi kowace tsufa da rauni, wata mai faɗin baya da ke makarantar Dundaye, wadda muke kira Inna. Sau da yawa komai ya kammala, sababbin kwamfutoci suna gudu kamar me, mu kuma muna zaune muna jiran Inna ta ga dama. In mun yi ƙorafi, amsarta ɗaya ce, da harshenta na gida: “In bai tashi ga Inna ba, ba a yi komi ba.” Mai sa hannu a wannan takarda ma ta laƙaba masa Sarkin Gaggawa, kuma har ta koma ga Allah ba ta sauke shi daga sarautar ba.

Ta gaya mana inda ta samo wannan ƙa'ida. Tun tana ƙarama ta lura mahaifinta, wanda ya haddace Alƙur'ani kuma yake da muryar da mutane ke so ya tsawaita, gajerun surori yake ja idan ya hangi tsoho ko majinyaci a sahu, domin liman da mafi raunin mamu yake auna sallarsa. Ta ce ita ma haka take kallon aikinta. Ba mace mai sauƙin sha'ani ba ce, wannan ba za mu ɓoye ba don ta mutu: tana iya mayar da kai aikin yini guda saboda zaɓi ɗaya da ka kunna ba ka san dalilinsa ba, kuma ba ta iya yabo a gaban mutum. Amma ta zaunar da mu ta koya mana komai, ba ta riƙe ko saiti ɗaya a matsayin sirrinta ba. Muna kewarta ƙwarai, har faɗan nata muna kewa.

Yanzu ga abin da ya sa wannan takarda ta fi ta'aziyyar da aka saba zafi. Ana cikin zaman makoki, a ƙofar gidan Mai Girma Liman, a kan tabarmar da mutane ke shafa fatiha, wannan ɗan kwangila ya zo ya yi gaisuwa, sannan ya ja biyu daga cikin amintattu gefe ya ce musu ai mai tayar da matattun ta tafi, babu wanda zai iya riƙe aikin, don haka kwamfutocin sun shiga hukuncin abin da amfaninsa ya yanke. Kai jama'a! Ƙasar kabari ba ta bushe ba. Waɗanda suka ji da kunnensu su suka kawo mana, kuma washegari saƙo ya tabbatar: ranar Asabar mai zuwa kwamiti zai zagaya ya duba, duk kwamfutar da ba ta tashi da sabon kanel ba za a ɗauke ta, har an yi maganar motar da za ta kwashe su. Jarrabawa kuwa ta ƙarato, kuma a makarantar Dundaye mafi yawan kwamfutocin dangin Inna ne. In suka tafi, yaran nan da takarda da fensir za su koyi danna madannai.

Ba za mu yi wa jama'a ƙarya ba, ɗan kwangilar ya sami inda zai kama. Ciwo ya kwantar da marigayiya tana tsakiyar sabon zagayen saita kanel. Ta gama na sauran dangogin, saura na dangin Inna, wanda ta gwada ya ƙi tashi, ta ce za ta dawo kansa in ta ji sauƙi. Allah bai nufa ba. Abin da ɗan kwangilar bai sani ba shi ne, marigayiya ta bar mutane. Mataimakiyarta, Malama Injiniya Balaraba Sadiƙ, ta tashi daga wurin makoki da idonta a kumbure, ta tara 'yan sashen a Dundaye, suka bi saitin daga sama har ƙasa yadda aka koya musu, har suka gano cewa sabon kanel ya zo da wani zaɓi a kunne, mai neman wata dabarar sarrafa ma'adana wadda dangin Inna ba a ƙera su da ita ba. Suka kashe shi, suka mayar da dangin furosesa inda ya dace, suka sa a harhaɗa.

A nan muka saɓa wa marigayiya a abu ɗaya, kuma muna sanar da shi a fili. A cikin saitin kanel akwai gurbin da ake rubuta ɗan laƙabi, wanda ke fitowa a allo duk sanda kwamfuta ke tashi. Ita sunan makaranta take sawa, kuma ta hana a sa nata, ta ce tana tsoron riya. Mun je mun durƙusa gaban Mai Girma Liman da Alhaji Ja'afar muka nemi izinin sa sunanta. Liman ya ce wanda ke cikin kabari ya wuce riya, addu'a yake buƙata, a sa. Sai dai ya kafa sharaɗi: shi ba zai yi shaida kan abin da bai gani ba, a kai shi ya ga ko abin da ɗiyarsa ta ƙarar da ƙarfinta a kai yana da rai.

Jiya da hantsi muka kai shi Dundaye. Dattijon da ya binne ɗiyarsa a makon nan ya zauna a kan bencin ɗalibai, aka nuna masa maɓalli, ya yi bisimilla ya danna da kansa. Inna ta yi gurnaninta da muka sani, ta ɗauki lokacinta kamar kullum. Sai rubutu ya fara gangarowa, kuma a layin farko, bayan lambar kanel, ga sunan Adawiyya. Liman ba ya karanta boko, sai da Malama Balaraba ta aza yatsa ta nuna masa. Ya daɗe yana kallon wurin. Da ya buɗe baki bai yi maganar ɗiyarsa ba, cewa ya yi wannan abu yana da amfani, abin da ke da amfani kuwa wakafi ne, wanda duk ya sayar da shi ya shirya amsar da zai ba Alhaji Sule gobe ƙiyama.

Saboda haka Ƙungiya tana sanar da Masu Girma amintattun wakafi, cikin ladabin da ya kamace su, cewa muna maraba da zuwansu ranar Asabar, kuma za su tarar da kowace kwamfuta a kunne, da ɗalibi a gabanta. Tana sanar da iyayen yara cewa darasi bai tsaya ba kuma ba zai tsaya ba. Tana sanar da cewa ta naɗa Malama Injiniya Balaraba Sadiƙ a kujerar marigayiya, kuma ƙa'idar Inna tana nan daram. Shi kuwa mai motar kwasa, ahir ɗinsa! Ba mu ce tsofaffin kwamfutocin nan ba za su mutu ba, komai mai mutuwa ne, kuma ranar da wata ta mutu da gaske mu za mu fara faɗa. Amma ba za a kashe mana su da kanel ɗin da ba nasu ba sannan a kira mu jana'iza.

A madadin shugabanni da dukkan mambobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Mai Girma Liman Malam Hashim, da Alhaji Ja'afar Mubarak, da 'ya'yanta Rabi da Junaid, da ɗaukacin dangi, abokan aiki da ɗalibanta. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya yafe kurakuranta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Allah Ya ba iyalanta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya raya abin da ta bari, Ya sa kowane yaro da ya koyi harafi a kan waɗannan kwamfutoci ya zama nauyi a mizaninta. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Mai Girma Liman ya ce a bar masa bencin jiya, kusa da Inna, domin ranar Asabar can zai wuni. Wanda zai ɗauke ta, sai ya fara cewa dattijon ya tashi.

Sa hannu:
Lawwali Sadiƙ Kalambaina
Sakataren Watsa Labarai,
Ƙungiyar Masu Raya Kwamfutocin Makarantu ta Sakkwato