Gwiwar Hannun Ryohei

Uwajima, farkon damina

Yaya Fumie,

Gaisuwa mai yawa. Ya aikin asibiti, ya zafin Osaka? Mu nan ruwa ake ta yi, kifi kuma ya yi ƙaranci. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ni da alƙalami.

Kin ce in gaya miki gaskiya game da ɗanki. Tun da kika turo mini Keigo bayan aikin da aka yi masa a kafaɗa, ba ya fitowa daga ɗaki sai zai ci abinci. Ban matsa masa ba. Wata Asabar na ce ya raka ni filin firamare inda nake taimaka wa Koci Hirayama da yaran besbol, wasan nan na jifan ƙwallo ana dukansa da sanda, ya riƙe mini bokitin ƙwallaye kawai. Ya ce, "Kawu, hannun da ba ya jifa me zai yi a fili?" Na ce bokiti dai ba jifansa ake yi ba.

Yanzu shi ke tashina. Yaran sun liƙe masa, ko ina "Yaya Keigo, duba ni!" Wani ɗan ƙarami ya ce, "Wai da gaske ɗinke ka aka yi kamar buhu?" Ya buɗe riga ya nuna musu tabon yana dariya. Rabon da in ji dariyarsa na manta. Shinkafa ma har ƙari yake nema.

Ƙaninki,
Tetsuji

Osaka

Tetsuji,

Ina gaishe ka. Saƙonka ya iso, kuma ban ji daɗinsa ba. Na ba ka amanar yaro don ya huta, ba don ka mayar da shi wurin abin da ya nakasa shi yana ɗan shekara sha shida ba. Kai ba ka zauna a ƙofar ɗakin tiyata ba, ni na zauna. Tun da yana cin abinci, na bar shi zuwa ƙarshen hutu. Daga nan zai dawo ya kama karatu.

Ka kula da kanka.
Fumie

Uwajima

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Abu ya ɓaci, gara ki ji daga bakina.

Akwai Ryohei, ɗan shekara sha ɗaya, shi ne mai jifanmu, kuma da shi Koci ya dogara a gasar da za a fara ranar Lahadi ta sama. Kin san idan an tashi, yara kan jeru su cire hula su rusuna wa fili. Keigo ya lura kwanan nan da hagu Ryohei yake cire tasa, na daman yana manne da cikinsa. Ni ma na gani. Niyyata in sami Koci a gida, in ya sha shayi ya sake, in sako maganar a hankali. Tsohon yana ji idan ba kowa.

Keigo bai jira ba. A gaban iyaye, matan suna raba ruwan sha'ir, ya ce, "Koci, kada Ryohei ya yi jifa. Gwiwar hannunsa tana ciwo."

Koci ya juya. "Ryohei, akwai ciwo?"

"Babu, Koci!"

Keigo ya ce, "Ni ma haka na ce wa nawa kocin."

Sai uban Ryohei ya ce, "To fa! Ɗan birni ya lalata nasa hannun, yanzu na ɗana ya tsone masa ido."

Koci bai ɗaga murya ba. Ya ce shekarunsa a filin nan sun fi na uwar Keigo a duniya, kuma yaro bai taɓa yi masa gyara a bainar jama'a ba. Kada Keigo ya sake taka filin sai ya aske kansa ƙwal, ya rusuna a gaban iyayen nan ya nemi gafara.

Keigo ya koma ɗaki, Yaya. Abincin da na ajiye jiya yana nan a bakin ƙofa. Ban ce ya yi ba, ban ce kada ya yi ba. Ina dai jira.

Ƙaninki,
Tetsuji

Osaka

Tetsuji,

Ba wata doguwar gaisuwa. Ɗana gaskiya ya faɗa, kuma ba zai aske kansa don tsohon da ya fi son kofi a kan hannun yaro ba. Irinsu ne suka yi ta tafa masa har kafaɗar ta tsinke. Ka sa shi a jirgin ƙasa ranar Juma'a, zan tarye shi a tasha. Kai kuma da jiranka, wata rana sai rufi ya faɗo maka kana jiran ya gama tsagewa.

Fumie

Uwajima

Mama,

Ina gaishe ki. Kawu ya ba ni wasiƙarki na karanta.

Na aske. Kawu ne ya yi mini a bakin ƙofa. Na rusuna, na ce na yi rashin ladabi. Ban ce gwiwar lafiyarta ƙalau ba, ba kuma wanda ya nemi in ce.

Koci bai hana Ryohei jifa ba. Ya dai ce ni zan riƙa cafe masa ƙwallo kafin wasa, in na ga wani abu in raɗa masa a kunne. Ban sani ba ko zai ji. Ryohei ya daina yi mini magana, wai na tona masa asiri.

Na san ranki zai ɓaci. Amma in na hau jirgin nan, kowa a filin nan, ƙwallo zai kalla, ba mai kallon hannun.

Kada ki je tasha.

Ɗanki,
Keigo