Facin Gefen Taya

Daren Laraba, Anaca

Bayan Awka ƙusa ta huda tayar bayan babur ɗin da nake tuƙawa, a gefe. Tayar ba ta da tub, sai mai faci ya cusa mata zaren roba, ya ce in tafi. Facin gefe kuwa ba ya riƙewa. Da na iso Head Bridge, bakin gadar Anaca, na shafa ruwan sabulu a wurin, kumfa tana ta tashi.

Na nuna wa Kawu Sale, mai babur ɗin. Dariya ya yi: "Ɗan boko sai tsoro! Da faci uku na je Fatakwal."

Gobe da asuba ni zan goya shi zuwa asibiti a Inugu, kuma ba na iya yi masa musu. Yanzu na sake danna tayar da yatsa. Ta lotsa.