Shanun Madagaska Ma Masu Tozo Ne, Baba

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da yara, da shanun da suka fi mu gata a gidan.

Tun da na ce maka an gayyace ni koyar da Larabci na shekara guda a Madagaska, ka daina ɗaukar wayata. Shi ya sa na rubuta a nan, a shafina na intanet. Na san ƙanwata Hadiza za ta gani, ta karanta maka ko ba ka so.

An ce ka ce, "Tsibiri ai tudu ne a tsakiyar ruwa." Baba, wannan tsibirin sai mutum ya yi kwanaki a mota bai ga teku ba. Abdallah, ɗan can da muke ɗaki ɗaya a jami'ar Ainu Shams ta nan Alƙahira, shi ya kai sunana makarantar garinsu, ya kuma cika min kunne da labarin ƙasar.

Babu zaki, babu kura. Akwai dai wata dabba, lemur, kamar biri mai dogon baki da wutsiya zane-zane, asalinta can ne kawai. Da safe takan zauna ta ware hannuwa tana shan hantsi, sak Baffa Sule a ƙofar gida. Hawainiya kuwa iri-iri, har da wadda ba ta kai ɗan yatsa ba. Wannan kada a gaya wa Inna.

Suna da kuka, amma Abdallah bai taɓa jin ana miya da ita ba. Ranar da na kaɗa masa, ya daɗe yana kallon kwanon kamar zai gudu, sannan ya ci har da ƙari. Shi kuma ƙanzon shinkafa yake zuba wa ruwa, ya tafasa, ya sha kamar shayi.

Shanunsu masu tozo ne irin namu. Da ya nuna min hoton garken kawunsa, sai ga ni ina duba ƙafa da haƙarƙari yadda ka koya min a kasuwar shanu ta kara.

Na san ba teku kake tsoro ba. Na daɗe a Alƙahira, ƙarfinka yana raguwa, kana so ka ɗaga kai ka gan ni a tsakar gida. Wallahi ni ma kewarka nake yi.

Ban ba su amsa ba tukuna. Ina son tafiyar nan ƙwarai, amma in ka ce gida, gida zan taho. Da muryarka dai nake so in ji, ko da faɗa ne.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ɗanka,
Nasiru