Ranar da Kawu Ya Kai Ta Ganin Giwa

Farin Dutse, Gwaram
3 ga Maris, 1976

Zuwa ga ƙanena Hambali,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin malamin gonan da ya hana ka zumunci. Mu nan sai godiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, na ajin yaƙi da jahilci ne. In ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka, ai kai ne mai ilimi.

Maganar Zahara'u ce. Kumburin ƙafafun ya dawo, yanzu ko rijiya ba ta iya raka ni sai ta tsaya tana haki. Ka san abin da likita ya gaya mana game da zuciyarta. Ba na son rubuta shi.

Makon jiya masu majigi suka zo ƙofar dagaci suka nuna namun dajin Yankari. Tun ranar ba mu huta ba, giwa da safe, giwa da yamma. Ta tambaye ni ko giwa ta fi bijimin maigidan nan girma, na ce ban taɓa gani ba, ta ce to ni me na gani a duniya.

Ka zo da 'yar motar nan taka ka kai ta. Kada ka kawo mini maganar kunya. Na san 'yar fari ce, na san a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya nuna shi ya haife shi. Haka Baffa ya yi da ni har ya koma ga Allah. Shekara biyar ke nan da ka ba ni ita, bayan rasuwar uwarta, tana ce mini Inna, tana ce maka Kawu. To ai Kawu ma yana kai yaro yawo.

Ka huta lafiya. Yayarka,
Barira

Birnin Kudu
8 ga Maris, 1976

Zuwa ga Yaya Barira,

Gaisuwa tare da girmamawa. Takardarki ta iso ta hannun Ɗan'azumi direba, na kuma fahimci abin da ke ciki. Allah ya ba yarinyar lafiya.

Na nemi izini a ofis, an ba ni kwana uku. Zan iso ranar Juma'a bayan an sauko. Sai dai ina roƙon ki shirya mu tafi tare, don bai dace a gan ni da ita mu biyu ba. Kin san mutanen garinmu. A haɗa mata da maganinta da zane mai kauri.

Na bar ki lafiya. Ƙanenki,
Hambali

Birnin Kudu
17 ga Maris, 1976

Zuwa ga Yaya Barira,

Gaisuwa tare da girmamawa, da fatan ciwon ƙafar da ya hana ki bin mu ya yi sauƙi. Ranar da na dawo da yarinyar ban zauna ba, saboda tsakar gida cike take da mata. Kin ce in rubuto miki komai, to ga shi.

Tun daga Farin Dutse har Bauchi bakinta bai rufe ba. Kowace saniya ta gani sai ta ce in tsaya ta duba ko giwa ce ƙarama. A ƙofar dajin akwai malami mai rubuta sunayen baƙi. Ya ce, "Sunan yarinya?" Wallahi Yaya, na buɗe baki, harshena ya ƙi. Ita ce ta ɗago kai ta faɗa masa da kanta, har da "shekarata bakwai". Ya yi dariya ya ce, "Malam, 'yarka ce? Kamarku ɗaya." Na ce 'yar yayata ce.

Washegari da sassafe aka zuba mu a babbar mota marar rufi, da mai gadin daji riƙe da bindiga. Mun ga gwanki, mun ga ɓauna, mun ga gyado da 'ya'yansa a jere, wutsiya a miƙe. Wani gwaggon biri ya fizge mata biredi, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na tsorata. Giwa kuwa shiru. Rana ta fara zafi, leɓenta ya yi baƙi, na ce a mai da mu. Ta riƙe ƙarfen motar ta ce ita ba inda za ta.

Muna gab da kogi direba ya kashe mota, mai gadi ya ɗora yatsa a baki. Sai ga giwaye, sun fi ashirin, suna gangarowa shan ruwa. Manyan da ke cikin motar suka miƙe tsaye suka tare mata gani, tana ta ɗage da kumburarrun ƙafafun nan. Ban san lokacin da na sunkuce ta na ɗora a wuya ba. Tun da aka haife ta ban taɓa ɗaukarta ba sai ranar. Ba ta da nauyi ko kaɗan, Yaya. Ɗan akuya ya fi ta.

Tana ta kallonsu har suka gama suka shige kurmi. Hannuwanta na kan hulata. Sai ta sunkuyo saitin kunnena ta ce, "Kawu, da ma kai ne babana."

Akwai mutane a motar. Na ce ta riƙe da kyau kada ta faɗi.

A hanyar dawowa barci ta yi ta yi. Ina ganin dai ta ji daɗin tafiyar. A ci gaba da ba ta maganin a kan lokaci.

Ƙanenki,
Hambali

Farin Dutse
21 ga Maris, 1976

Hambali,

Na gaishe ka, don gaisuwa dole ce, amma raina a ɓace yake.

Ƙafata lafiyarta lau. Ƙarya na yi, na ɗaura tsumma na kwanta, don in bar ku ku biyu a inda ba wanda ya san ku. Na ce a can ba dagaci, ba surukai, ba matan bakin rijiya, wataƙila bakinka ya buɗe. Ashe da mutanen garin ka tafi a cikin kanka. Su wa ke cikin motar nan? Baƙin da ba za ka sake gani ba har abada!

To bari ka ji. Ta sani. Tun bara 'yar maƙwabta ta gaya mata a wajen wasa, ta zo ta tambaye ni, ni kuma ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce ta yi shiru har ka faɗa da kanka. Shekara guda yarinyar nan tana jira. Abin da ta ce maka a wuya ba surutun yara ba ne, tambayarka ta yi.

Ta ba kowa labarin giwa, har ta gwada mana yadda suke kaɗa kunne. Da mata suka watse ta ce, "Inna, na gaya masa, ya ce in riƙe da kyau. Ko don ba ni da lafiya ne ba ya so?"

Na ce mata kunya ce. Ta ce kunyar me, me ta yi?

Ka ba ni amsa, malam, don ni ban da ita. Ni ma ranar da Baffa zai cika ina zaune a gefensa, ya kira ƙanenmu Manu, ya kira ka, ya kira har autarmu, ni ya ce "ke, ba ni ruwa". Na san yana sona. Shekarata arba'in da biyu, har yau abin yana ci mini rai.

Tun shekaranjiya ba ta tashi ba. Kumburin ya hau ciki, kunu ma sai da lallashi. Ka zo ka kira ta da sunanta.

Barira

Birnin Kudu
23 ga Maris, 1976

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta takardarki. Gobe za a tura mu Kano taron rabon taki, ba zan samu kaina ba sai Juma'a. Gaskiya kuma ko da ba taron, tsoro nake in tsaya a gabanta harshena ya sake ƙi. Hannuna ya fi bakina ƙarfin hali. Ki karanta mata wannan kafin in iso.

Zuwa ga 'yata Zahara'u. Zahara'u, ni ne babanki. Na ji abin da kika ce ranar, na yi shiru, laifina ne, ke ba ki yi komai ba. Ina sonki tun ranar da aka haife ki, da lafiya da ciwo. Ki sha kunu. Ina zuwa ranar Juma'a in faɗa miki da bakina. Babanki.

Na gode, Yaya. Ki yafe mini.
Hambali

Farin Dutse
25 ga Maris, 1976

Ƙanena Hambali,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zahara'u ta rasu yau Alhamis da hantsi, an kai ta bayan azahar. Na ba Ɗan'azumi wannan ya ajiye maka a gida, don kada ka ji a bakin hanya.

Takardarka ta same ta da rai. Jiya na karanta mata, ta ce in sake. Na sake, ta ce ba duka ba, farkon kawai. Layin nan guda na yi ta karantawa har muryata ta dushe. Ta sha kunu ludayi biyu, ta ce in gaya maka ta sha.

Da safen nan ta tambaye ni ko yau ce Juma'a. Na ce gobe. Ta ce to, za ta jira.

Allah ya ba mu haƙuri. Ka tuƙa a hankali.

Yayarka,
Barira