Raɓa a Bakin Waya

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Umma kuna lafiya. Ya shago, ya fama da firijin mutane?

Albishirinka. Ka tuna aikin da nake yi a ɗakin gwaji na jami'a? Wani sinadari ne da ƙwayoyin zarrarsa ke tarwatsewa da kansu ɗaya bayan ɗaya, na'ura tana ƙirga su, ƙit, ƙit. Littattafai sun ce zafi ko sanyi babu ruwansu da saurin wannan tarwatsewa. To, na saka shi a akwatin sanyi, sai ƙirgar ta ragu. Sau goma sha ɗaya ina maimaitawa. Ƙarshen wata zan tsaya gaban malamai in kare sakamakon, kuma a kansa digirina ya rataya. Ashe gaskiyarka ce tun muna yara, sanyi na rage wa komai gudu.

Taka,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, muna nan ƙalau. Ummanki ta ce ki riƙa cin abinci.

Wasiƙarki kaf layinmu babu wanda ban karanta wa ba. Tela ya ji, mai aski ya ji, har mai walda da kunnensa ya yi nauyi sai da na tabbatar ya ji. Shekara talatin ina gaya musu babu abin da sanyi bai iya lanƙwasawa, suna min dariya.

Amma wani abu ya tsaya min a rai. Ita wayar na'urar ƙirgar, ta cikin akwatin ta bi? A sana'armu, duk ranar da mita ta nuna min abin da raina ke so, ita nake fara tuhuma. Na taɓa kwance injin firiji lafiyayye ɗungurungum, ashe raɓa ce ta kwanta a mahaɗar waya, mita ta shara min ƙarya. Ki kashe wuta, ki taɓa bakin wayar da yatsa. In da danshi ki busar, ki naɗe, ki sake gwadawa. Kada ki ji haushi.

Mahaifinki

Baba,

Ina gaishe ku da kyau. Na ji haushi kuwa. Kwana biyu wasiƙarka na kife a kan tebur, ina cewa yanzu mai gyaran firiji ne zai koya min aikina? Allah ya yafe min.

Rana ta uku na kashe wuta, na taɓa. Yatsana ya jiƙe sharkaf. Na busar, na naɗe, na sake. Ƙirga ta koma daidai, a sanyi da a zafi duk ɗaya. Littattafan ke da gaskiya: daga can tsakiyar ƙwayar abin ke tasowa, sanyin akwati bai isa can ba. A ƙasa na zauna na sha kukana, saura kwana shida in tsaya gaban malamai.

Wata abokiyar aikina ta ce in ja bakina in yi shiru, babu malamin da zai taɓa waya. Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin hakan. Amma da ranar ta zo na nuna musu ƙirgar farko, na nuna ta biyu, na nuna wayar. Babbansu ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya tambayi wanda ya gano. Na ce mahaifina ne, gyaran firiji yake yi. Ya sa na rubuta hakan a shafin farko na kundin bincikena.

Sun ba ni digirin, Baba. Sai dai ka yi haƙuri, na ba ka kunya a layi.

Taka,
Auta

Auta,

Muna lafiya, Ummanki sai murna take.

Wace kunya? Da safen nan na sake zaga layin shago shago. Na ce musu sanyi ya sha kaye, kuma 'yata ce ta faɗa da bakinta gaban malamai, alhali da ta yi shiru babu mai sani. Tela ya yi dariyarsa, na bar shi ya gama. Mai walda ya ce bai ji ba. Sau uku na maimaita masa, ko gobe ya tambaya zan ƙara.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki, mai gyaran firiji